Finafinan Koriya a Wayoyin 'Ya'yanmu Mata: Me Suke Nema, Me Muka Hana Su?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk mai zirga-zirga a garuruwan arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Ɗambatta zuwa Makoɗa da Kunci da Tsanyawa, ya san cewa rumfar mai cajin waya ta zama wata ƙaramar makaranta wadda ba ta da malami. A nan ake tura wa mutum karatun Alƙur'ani da wa'azi a memorinsa, a nan kuma ake tura masa fim da kuɗin da bai kai na kwanon gero ba. A da, fim ɗin na Indiya ne ko na Hausa. Yanzu an sami na uku da yake neman ture su, wato finafinan Koriya masu dogon zango. Masu fassara na cikin birnin Kano, waɗanda suka yi suna da juya finafinan Indiya zuwa Hausa, sun miƙa hannu zuwa na Koriya da Sin da Turkiyya, saboda haka yarinyar da ba ta jin Turanci ma tana iya bin labarin daga farko har ƙarshe.

Yankinmu yanki ne mai cunkoso. Gona tana manne da gona, gida yana hango gida, babu saurar da ake bari ta huta. A irin wannan wuri kowa ya san kowa, kuma a al'adarmu baƙo ba ya kwana a gari sai mai unguwa ya san da zuwansa. Yau ga baƙo ya shigo har ɗakin 'ya'yanmu mata da amarenmu, bai tsaya a zaure ba, bai yi wa maigida sallama ba, kuma shi ne yake hira da su bayan sallar isha'i har fitila ta mutu. Wajibi ne mu san ko shi wane ne, mu san wanda ya aiko shi, mu kuma tambayi kanmu dalilin da ya sa aka yi masa shimfiɗa.

Wanda ya aiko baƙon

Abin da ake kira Hallyu, wato ambaliyar al'adun Koriya, bai zo bisa tsautsayi ba. Bayan durƙushewar tattalin arzikin ƙasashen Asiya a 1997, gwamnatin Koriya ta Kudu a ƙarƙashin Shugaba Kim Dae-jung ta ɗauki fim da waƙa a matsayin hajar da za a fitar waje kamar mota da talabijin, ta kafa dokoki, ta zuba kuɗi. A 2003 aka yi fim ɗin Dae Jang Geum, labarin wata mace da ta fara daga ɗakin girkin fada har ta zama likitar sarki. A 2006 aka yi Jumong, wanda samarinmu suka haddace sunayen jarumansa tun zamanin faifan DVD. A 2010 Koriya ta buɗe cibiyar yaɗa al'adunta a Abuja, inda ake koyar da harshensu, ake kuma shirya gasar waƙa da rawa. A 2012 waƙar Gangnam Style ta zama bidiyo na farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a YouTube. A 2020 fim ɗin Parasite ya lashe babbar kyautar Oscar, a 2021 kuma Squid Game ya mamaye duniya. Ƙasashen Musulmi ma ba su tsira ba. Ƙungiyar mawaƙa ta BTS ta yi wasa a Riyad a watan Oktoban 2019, ɗaya daga cikinsu kuma ya yi waƙa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Katar a 2022.

Mun kawo wannan jerin ne domin a gane cewa yarinyar da take kallo a ƙauyenmu tana fuskantar aikin gwamnati da manyan kamfanoni da ƙwararrun da suka shafe shekaru suna nazarin yadda ake kama zuciyar matashi. Wanda ya ɗauka tsawa ɗaya daga bakin ƙofa za ta rinjayi wannan shiri, bai auna nauyin abin da ke gabansa ba.

Kuma ba mu da gaba da mutanen Koriya a matsayinsu na al'umma. Allah ya sanar da mu a Suratul Hujurat cewa ya sanya mutane dangogi da ƙabilu ne domin su san juna. Mutane ne masu himma, waɗanda suka fito daga yaƙin 1950 zuwa 1953 cikin tsananin talauci, suka gina ƙasarsu da ilimi da aiki tuƙuru. A cikinsu akwai 'yan uwanmu Musulmi, waɗanda Musulunci ya isa gare su ta hannun sojojin Turkiyya a lokacin wancan yaƙi, kuma babban masallacin birnin Seoul yana nan tun 1976. A finafinansu akwai girmama iyaye da dattawa, akwai yabon ƙwazo, wasunsu kuma sun fi finafinan Turawa da yawa kame kai. Wannan kusanci da ɗabi'unmu shi ne ya sa iyaye da dama suka saki jiki, kamar yadda kakanninmu suka saki jiki da finafinan Indiya saboda sun ga auren dole da kunya da biyayyar da suka saba da su. Sai dai a ƙarƙashin wannan akwai kwalbar giya a kusan kowane zama, akwai keɓewar saurayi da budurwa a matsayin abin sha'awa, akwai labaran sake dawowar rai duniya a wani jiki da gumakan da suke juya ƙaddara, abubuwan da suke taɓa aƙida kai tsaye. Haka nan ba kullum masana'antar take mutunta mu ba. A 2017 tashar MBC ta nemi afuwa kan wani fim da ya yi wasa da Musulunci da shigar Musulmi, a 2023 kuma masu fim ɗin King the Land suka nemi afuwa kan yadda suka siffanta wani yariman Larabawa. A birnin Daegu, ɗaliban Musulmi da suke gina masallaci sun wayi gari an ajiye musu kawunan alade a bakin ginin a 2022.

Abin da suke nema

Sai dai lissafa aibi ba ya amsa babbar tambayar. Me ya sa yarinya 'yar shekara goma sha shida, wadda ta yini tana surfe da daka da ɗiban ruwa, za ta hana idonta barci saboda mutanen da ba ta taɓa gani ba? Duk wanda ya saurari yadda 'yan mata da matan aure suke ba da labarin waɗannan finafinai zai ji abu ɗaya yana maimaituwa. Ba gine-gine ko motoci suke ambata da farko ba. Jarumin suke ambata. Yana sauraren mace idan tana magana. Yana ba ta haƙuri idan ya yi kuskure. Yana lura idan ba ta ci abinci ba. Ba ya ɗaga mata murya a gaban mutane. Ya zaɓe ta, ita ma ta zaɓe shi.

A nan ya kamata mu sunkuyar da kai, mu maza. Babu ɗaya daga cikin waɗannan halaye da Koriya ta ƙirƙira. Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da aka tambaye ta abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta bayyana cewa yana cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi. Ita ce kuma ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Ya yi tseren gudu da matarsa, ya karɓi shawarar Ummu Salama a ranar Hudaibiyya, ya kuma sanya kyautata wa iyali ma'aunin alherin mutum. Alƙur'ani a Suratur Rum ya siffanta aure da natsuwa da ƙauna da jin ƙai, a Suratun Nisa'i kuma ya umarci maza su zauna da matansu da kyautatawa. Idan 'yarmu ta fara ganin waɗannan halaye a fuskar ɗan wasan da ba ya salla, kafin ta gan su a wurin mahaifinta ko mijinta, to laifin bai tsaya a kan waya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wannan ba sabon labari ba ne a ƙasar Kano. Daga tsakiyar shekarun 1980 matanmu suka rungumi littattafan soyayya, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka rubuta kan auren dole da sakin wulaƙanci da ilimin 'ya mace. An kafa hukumar tace finafinai ta jiha a 2001, a 2007 kuma har ƙona wasu littattafan aka yi a bainar jama'a. Littattafan ba su mutu ba, sun koma cikin waya. Ƙishirwar da ta kai mata ga littafin jiya ita ce take kai 'ya'yansu ga fim ɗin Koriya yau, domin an fasa tulun ne ba a haƙa rijiya ba.

Shaidar matan Koriya a kan ƙasarsu

Ga 'ya'yanmu mata kuma muna da magana, kuma ba mu za mu ba da shaida ba, matan Koriya ne za su bayar. Mutumin da kuke gani a fim marubuta ne suka ƙera shi, kuma mafi yawan marubutan waɗannan finafinai mata ne da suke zana mijin da suke fata. Ganin kitse ake yi wa rogo.

A watan Mayun 2016 wani mutum ya kashe wata budurwa 'yar shekara 23 a wani banɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gangnam a Seoul, bai san ta ba, ya ce mata sun daɗe suna raina shi. Dubban mata suka cika ƙofar tashar da takardun ta'aziyya, daga nan gwagwarmayar mata ta zamani ta ɗauki zafi a ƙasar. A wannan shekara Cho Nam-joo ta fitar da littafinta mai suna Kim Ji-young, Haifaffiyar 1982, labarin wata mace da aka fifita ƙanenta namiji a kanta tun tana yarinya, aka tauye ta a wurin aiki, aka bar mata reno ita kaɗai har hankalinta ya taɓu. An sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Da wata mawaƙiya mai suna Irene ta ambata a 2018 cewa ta karanta shi, wasu masoyanta maza suka ƙona hotunanta. A 2018 ɗin dai dubun-dubatar mata suka yi ta zanga-zanga a Seoul saboda annobar ɓoyayyun kyamarori da ake dasawa a banɗakuna da ɗakunan sauya kaya. A 2019 badaƙalar Burning Sun ta fashe, aka gano wasu shahararrun mawaƙa, waɗanda 'yan mata suke liƙa hotunansu a ɗaki, suna ɗaukar bidiyon mata a ɓoye suna rarraba wa juna, har aka ɗaure Jung Joon-young da Seungri. Har yau tazarar albashi tsakanin maza da mata a Koriya ta Kudu, wadda take kusan kashi 30 cikin 100, ita ce mafi girma a tsakanin ƙasashen ƙungiyar OECD masu arziki.

Su kansu taurarin suna cikin ƙangi. Ana ɗaukar su tun suna ƙanana, a horar da su shekaru, a ƙayyade musu abinci da nauyin jiki da wanda za su yi magana da shi. A 2009 wasu mawaƙa uku suka kai kamfaninsu kotu kan kwantiragin shekara 13, hukuma kuma ta taƙaita irin wannan yarjejeniya zuwa shekara bakwai. A ƙarshen 2019 mawaƙa biyu mata, Sulli mai shekara 25 da Goo Hara mai shekara 28, suka rasu cikin makonni kaɗan a tsakaninsu, bayan dogon cin zarafi a intanet. Farar fata mai sheƙi da siririn hanci da kuke gani, da yawansu aikin asibitin gyaran fuska ne da kayan shafe-shafe. Matan Koriya da kansu suka tayar da wani yunƙuri a 2018, suna farfasa kayan kwalliya suna aske gashi domin nuna gajiyarsu da wannan ma'auni. To ina dalilin da 'yar Bichi ko Kunci za ta ɗauki kuɗin tallarta ta sayi man bilicin domin ta kamo abin da masu shi suke gudu? A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafa man sauya launin fata a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya, likitoci kuma suna ta gargaɗi kan illarsa ga fata da ƙoda. Allah ya halicce ku a mafi kyawun tsari, baƙar fata ba cuta ba ce da za a nema mata magani.

Ƙungiyoyin masoya

A ƙauyuka fim ne ya fi tasiri, amma a tsakanin ɗalibanmu na sakandaren kwana da manyan makarantu, waɗanda suke dawowa hutu da manyan wayoyi, akwai waɗanda suka shiga ƙungiyoyin masoyan mawaƙa a WhatsApp da TikTok da Telegram. Kowace ƙungiya tana da suna da launi da shugabanni. Masoyan BTS suna kiran kansu ARMY, wato runduna, kuma sun nuna ƙarfinsu a watan Yunin 2020 lokacin da suka tara dala miliyan ɗaya cikin kusan kwana ɗaya domin tallafa wa gwagwarmayar baƙar fata a Amurka. Suna fassara wa juna magana kyauta, suna taya juna murna da jaje, suna tara taimako. Yarinyar da babu mai tambayar ra'ayinta a gida tana samun wurin da ake jiran ta yi magana.

Haɗarin yana nan a gefen amfanin. Na farko shi ne wuce iyaka wajen so. Kalmar da ake kiran waɗannan mawaƙa da ita a Turanci ma'anarta ta asali gunki. Ba mu ce duk wadda ta so mawaƙi ta yi shirka ba, hukunci irin wannan ba abin wasa ba ne. Amma zuciya ƙwarya ce, abin da ya cika ta shi ne yake zuba. Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa za a haɗa mutum da wanda yake so, saboda haka kowa ya duba wanda ya ba wa zuciyarsa. Na biyu shi ne ta'assubanci, inda 'yan wannan ƙungiya suke yi wa 'yan waccan ruwan zagi, irin zagin da ya taimaka wajen jefa wasu taurarin cikin ƙunci. Na uku ɓarnar lokaci da dukiya, domin ana umartar masoya su yi ta maimaita kallon bidiyo dare da rana don adadi ya hau, kamfani ya ci riba, ita kuwa ɗaliba ta ƙone data da lokacin bitar jarabawa. Na huɗu kuma, wanda ya fi tayar mana da hankali, zaure ne da ba a san wanda ke ciki ba. Wanda ya sa hoton budurwa yana iya zama ƙato mai farautar yara. A Koriya ɗin ma, ta Telegram aka yaudari mata da yawa, ciki har da ƙananan yara, aka tilasta musu aika hotunan tsiraici, har aka yanke wa jagoran masu laifin ɗaurin shekara 40 a 2020.

Ciwonsu gaskiya ne, maganinsu ba namu ba ne

Ta cikin waɗannan zauruka ne ra'ayoyin 'yan rajin mata na Koriya suke isowa ga ɗalibanmu. Mafi tsananinsu shi ne yunƙurin da ake kira 4B, wato ƙin abubuwa huɗu: aure, haihuwa, soyayya da kusantar namiji. Masu bin sa tsiraru ne, amma fushin da ya haife shi ya yaɗu. A 2023 matsakaicin haihuwa a Koriya ta Kudu ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙanƙanta a duniya, alhali al'umma tana buƙatar kusan 2.1 kafin ta maye gurbin kanta. Tsadar gidaje da tsawon lokacin aiki da kuɗin karatun yara duk suna da hannu a ciki, amma ɓacin ran mata ma yana ciki. Makarantun firamare na karkara suna rufewa saboda babu yara.

Ba mu yarda da wannan magani ba. Aure sunnar Annabawa ce, zuriya ni'ima ce, namiji da mace majiɓinta juna ne kamar yadda Suratut Tauba ta siffanta muminai. Duk ra'ayin da ya mai da rabin al'umma abokin gabar ɗaya rabin zai ƙare da gidaje babu kowa. Haka nan ba mu yarda da duk kiran da ya ɗauki hukuncin Allah tabbatacce a matsayin zalunci ba.

Amma kuskure ne babba mu ce tunda maganin bai yi ba, to ciwon ma ƙarya ne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Al'ummar da ta daɗe tana toshe kunne ga kukan matanta, wata rana za ta wayi gari sun daina kuka, sun juya baya. Mu duba gidajenmu. A yankin da gona ta yi ƙaranci kamar namu, sau nawa ake raba gado a ce mace ba ta noma, a ba ta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, 'yan uwanta maza su riƙe ƙasar? Aya ta bakwai a Suratun Nisa'i ta yanka wa mata rabo daga abin da iyaye da dangi suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, kuma ba ta cire gona ba. Sau nawa ake cire yarinya mai ƙoƙari daga aji a ɗora mata farantin talla, ko a tura ta aikatau cikin birni, domin a tara kuɗin kayan ɗaki? Sau nawa magidanci yake tafiya cin rani Legas ko Abuja ya bar mace da 'ya'ya biyar da damin gero biyu, babu aike babu waya? Sau nawa ake sakin mace a kan gishirin miya, a kore ta a daren, alhali Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da ita daga ɗakinta a cikin idda? Shirin aurar da zawarawa da gwamnatin Kano ta fara ta hannun Hisba a 2012 shaida ne a kan yawan matan da aka saka aka bari.

Shari'a ba ta taɓa ɗaukar ƙorafin mace a matsayin rashin kunya ba. Sura guda a Alƙur'ani, Suratul Mujadala, ta buɗe ne da labarin macen da ta kawo ƙarar mijinta, Allah ya ji kukanta ya saukar da hukunci. Khansa'u 'yar Khizam ta kai ƙarar mahaifinta da ya aurar da ita ba da sonta ba, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Barira ta ƙi komawa ga Mugisu duk da ceton da aka yi masa, ba a tilasta mata ba. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta mayar da gonar sadakinta ta karɓi rabuwa. Ko malamanmu na Malikiyya da suka ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, sun so a nemi shawararta, kuma ba su ba shi damar cutar da ita ba. A ƙasarmu ma, Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da suke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, su riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa neman ilimi, su koma su karantar da na gida ta hanyar waƙoƙi. Ga ƙungiyar mata mai suna da alama da shugabanci da waƙa, kusan shekara ɗari biyu kafin ARMY. A 1985 kuma mata Musulmi suka kafa FOMWAN a Minna a kan wannan turba. 'Yarmu ba ta buƙatar zuwa Seoul kafin ta san tana da daraja, sai dai idan mu ne muka ɓoye mata takardar gadonta.

Abin da ya rage mana

Ga iyaye, fasa waya ba tarbiyya ba ce, ta ƙawarta tana nan. Ku san abin da ke cikin memorin, ku zauna ku tambayi yarinya abin da ya burge ta a labarin, ku saurari amsar har ƙarshe. Ku sa doka mai sauƙin bi, ku ma ku bi ta: babu waya bayan wani lokaci na dare, babu ita lokacin salla da karatu da cin abinci, babu shiga zauren da ba a san shugabansa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, in ba haka ba ya karye.

Ga mazaje da samari, babu wani ɗan fim da zai ƙwace muku zuciyar matanku idan kun riƙe sunna a cikin gida kamar yadda kuke riƙe ta a sahun farko. Sakin fuska da kyakkyawar magana da tambayar lafiya ba sa buƙatar kuɗi. Kuma umarnin runtse ido a Suratun Nur da maza ya fara, saboda haka kafin mutum ya binciki wayar ƙanwarsa ya fara da tasa.

Ga 'ya'yanmu ɗalibai, ku riƙa tambayar kowane fim tambaya uku: wa ya yi shi, me yake sayar mini, me ya ɗauke mini? Idan ya ɗauke miki asuba, ko haddarki, ko yardarki da halittar da Allah ya yi miki, to ya yi tsada ko da kyauta aka tura miki. Idan kuna son koyi da Koriya, ku ɗauki abin da ya ɗaga ta, wato karatu. Asibitocinmu na karkara suna neman likitoci mata da unguwarzoma, makarantunmu suna neman malamai mata, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Ɗambatta suna kusa da ku. Jarumar Dae Jang Geum ma ba da kallo ta zama likita ba.

Ga malamai da limamai, mata sun taɓa neman Manzon Allah (SAW) ya ware musu rana, ya ware musu. Kowane masallacin Juma'a a yankinmu zai iya tsayar da majalisin mata na mako-mako, da malama mai ilimi da za a kai wa kuka a asirce. Huɗubarmu a kan biyayyar mata ta yi yawa, a daidaita ta da huɗuba a kan gadon mata da ciyarwa da ladubban saki. Dagatai da masu unguwanni kuma su tsaya a kan rabon gona kamar yadda suke tsayawa a kan rikicin iyaka.

Ga masu fassara da masu tura finafinai, sana'arku amana ce. Kun san abin da kuke zubawa a wayar yarinya 'yar shekara goma sha biyu, kuma za a tambaye ku. Marubutanmu da masu shirya finafinanmu su ma su sani cewa kasuwar da Koriya ta kama a nan kasuwar labari mai tsafta ce mai daraja mace, kuma tarihin Nana Asma'u kaɗai ya isa fim mai zango goma.

Baƙon ya riga ya shigo, kuma wasu suna tafe a bayansa. Gidan da 'ya'yansa suka ƙoshi da ƙauna da adalci da ilimi, baƙo zai zauna a matsayinsa na baƙo, a ɗauki alherinsa a bar masa sharrinsa. Gidan da aka bar su da yunwa kuwa, duk wanda ya miƙo musu akushi za su bi shi.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya sanya matanmu da 'ya'yanmu su zama sanyin idanunmu, ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ya ɗora mana a kansu. Allah ne mafi sani.